Biko a Hanyar Kal'a

Kwana goma sha tara ke nan da Nagat ta yi yaji. Ba duka, ba zagi, ba yunwa. Laifin Wagdi ɗaya ne: shekara shida da ya auro ta daga ƙauyensu na Suhag can kudu ya kawo ta Alƙahira, bai taɓa fita da ita ko nan da can ba. Abin da ta sani na birnin bai wuce lungunsu na Imbaba da igiyar shanya ba.

Ranar da ubanta, Alhaji Abdussabur, ya kira, Wagdi yana shagonsa na guga, bakinsa cike da ruwan da zai fesa wa wata riga. Ya haɗiye ruwan.

"Ta ce ko Kal'a ba ka taɓa kai ta ba."

"Ni? Haba Baba, mantawa ta yi. Ai Kal'a kamar tsakar gidanmu take a wurina. Ka zo da kanka wata rana in zagaya da kai."

Tayi ne na fatar baki, irin wanda kowa a birni ya san ba a amsawa. Mutanen kudu ba su san da haka ba. Ko kuma sun sani, suna sane.

"Laraba," in ji tsohon. "In ka kai ni inda ka ce ka kai ta, zan turo maka ita. In na ga ƙarya ce, ka ci gaba da dafa wa kanka wake."

A Alƙahira aka haifi Wagdi, haka ubansa. Amma Kal'a a talabijin ya san ta: tsohon sansani a kan dutse, da masallaci mai ƙubbobi masu ƙyalli. Inda dutsen yake, sai Allah. Wa ke zuwa can? Turawa da 'yan makaranta.

Ranar Laraba da hantsi tsohon ya sauko daga jirgin ƙasa a tashar Ramsis, da rawani da sanda da kwando. A cikin kwandon akwai burodin ƙauye da cuku da agwagwa mai rai. Ya miƙa wa Wagdi kwandon kafin ya miƙa masa hannu.

"Shekara arba'in rabona da Kal'a," ya ce. "Tun ina soja. Ni na yi gadin ƙofarta. Kowa a garinmu ya sani."

Wagdi ya ɗan juya masa baya. Ya ciro waya zai duba taswira a ɓoye.

"Me kake nema a ciki?"

"Lokaci, Baba."

"Ga agogo can a bango, ya fi kanka girma. Mai gida ba ya neman tsakar gidansa a waya."

Wagdi ya mayar da ita aljihu.

Saura dabara ɗaya. Ya ja tsohon zuwa wurin mai ruwan rake, ya saya masa babban kofi, ya bari sai da ya kafa kai, sannan ya sunkuya wajen mai shagon.

"Ɗan'uwa, rufa min asiri. Ina hanyar Kal'a?"

"Kal'a? Ai ka zo gida. Miƙe ɗoɗar, kada ka kalli dama ko hagu. In ka wuce gada ta biyu ka karya hagu, za ka yi karo da ita."

Bai ko ƙifta ido ba. Nan ya kamata Wagdi ya farga, don shi ma haka yake yi wa baƙi a ƙofar shagonsa. Mutumin Alƙahira ya gwammace ya tura ka teku da ya ce maka bai sani ba.

Suka miƙe ɗoɗar. Ba su ga gada ta biyu ba. Abin da suka gani kasuwar Ataba ce, takalma da batura da rigunan mata a rataye bisa kawunan mutane. Agwagwa ta fito da kai ta tsattsagi ɗuwawun wani ɗan sanda.

"A zamaninmu ba ta nan ake bi ba," in ji tsohon.

"An sake hanyar, Baba. Yanke nake maka."

Wata ƙaramar bas ta tsaya, direba na ihun inda za shi. Wagdi ya matsa ya raɗa masa, "Kal'a?" Direba ya dubi kujeru biyun da ba kowa, ya ce, "Har ƙofa, yallaɓai. Ku hau." Bayan rabin awa ya sauke su a gaban masallacin Sayyida Zainab, ya yi gaba.

"Na ce bari ka fara ziyara," in ji Wagdi. "Da Nagat ma haka muke yi."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya shiga. Wagdi ya tsaya a waje da kwando, rana na cin ƙeyarsa. Ya ciro waya. Taswira ta yi ta juyawa, ta ƙi buɗewa. Ya tuna ɗakinsu, da tukunyar da ta kwana uku a jiƙe, da ƙaramin madubin Nagat da ta bari a taga. Bai taɓa zaton shiru yana da nauyi haka ba.

Da tsohon ya fito, suka bi wani titi mai hawa. A bakin wani gidan shayi wasu dattawa biyu na cin koshari, haɗin shinkafa da taliya, a kwano ɗaya. Wagdi ya bar surukinsa yana ɗaura takalmi, ya yi sauri ya tambaye su. Mai gashin baki ya nuna gabas. Mai sanƙo ya nuna yamma.

"Kai da ko gidan surukarka sai an raka ka!" in ji mai gashin baki, yana hararar mai sanƙo.

"Ni? Ni da aka yi mini kaciya a gindin Kal'a!"

"To a can aka yanke maka hankalin."

Tsohon ya iso ya yi sallama. Mai sanƙo ya ce, "Bismillah, Alhaji," ya mai da kai ga gardama. Alhaji Abdussabur ya jingine sanda, ya ja kujera, ya naɗe hannun riga. Gardama ta mutu. Suka zuba masa ido har ya ga ƙarshen kwanon, ya nemi a ƙaro yaji, ya sha shayi biyu.

"Mutanen birni akwai karamci," ya ce da suka tashi. "Ana yi musu sharri."

Wagdi bai bi gabas ba, bai bi yamma ba. Ya bi inda ƙafa ta kai shi. La'asar ta gabato, hannunsa ya sage da kwando, tsohon ya fara jan ƙafa yana tari. Sai lungun ya buɗe, ga wata katanga gabansu, ja, doguwa, mai haƙora a samanta, ba a ganin ƙarshenta.

Ba Kal'a ba ce. Wagdi ya san haka, don babu ƙubbobi masu ƙyalli, babu dutse. Amma katanga ce, kuma tsohuwa ce, shi kuma ya ƙare. Ya ajiye kwando, ya rufe ido.

"Ga ta nan, Baba."

Ya jira sanda ta sauka a kansa.

"Allahu akbar," in ji tsohon a hankali. "Ita ce. Ba ta sake ba ko kaɗan. Ka ga kusurwar can? Nan nake tsayawa da bindiga."

Wagdi ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi kusurwar, ya dubi surukinsa. Wani abu mai daɗi ya fara tsirowa a ƙirjinsa.

"Can, Baba? Kusa da magudanar ruwan?"

"Daidai nan. Da sanyi da zafi."

"Ikon Allah. Nagat ma nan take son zama."

Suka shiga kafaɗa da kafaɗa. Mai ajiye takalma ya karɓi nasu, ya karɓi kwando yana hararar agwagwa, ya ce da murya mai ƙarfi, "Maraba da baƙin masallacin Ibn Tulun. In Kal'a za ku daga nan, ku yi sauri, sun kusa rufewa."

Suka taka har tsakiyar farfajiyar, fili fetal, ba inda mutum zai ɓoye fuska. Tsohon ya zauna a inuwa, ya cire rawani, ya shafa kai.

"Kunnen nan nawa na hagu ba ya ji sosai," ya ce.

"Nawa ma, Baba."

Wagdi ya zauna kusa da shi.

"A hamada suka ajiye ni," in ji tsohon, yana kallon ƙasa. "Shekara uku ina yankan albasa. Alƙahira tasharta kawai na sani. Da na koma gida aka taru ana tambayata, to me zan ce? Albasa?"

"Ni kuma bakin kogin Nilu," in ji Wagdi, "daga kan gada nake ganinsa, a cikin bas."

"Maƙaryacin banza."

"Na gode, Baba."

"In uwarta ta ji wannan, na shiga uku. Shekara arba'in tana ba mata labari." Ya mayar da rawani. "Tashi. Mu hau hasumiyar can mu kira yarinyar ta gan mu. Ita ina ta san wata Kal'a? Katanga ai katanga ce."

Matakalar a waje take, tana naɗe hasumiyar kamar rawani. Suka hau da ƙyar, tsohon na haki yana zagin wanda ya gina ta. A sama iska ta buge su. Wagdi ya kira, fuskar Nagat ta fito a waya, da gari a kumatunta.

"Ga mu a Kal'a, 'yata," in ji tsohon. "Mijinki ya san gari. Na nuna masa inda na yi gadi."

Nagat ta matso da ido.

"Wagdi, ɗaga wayar sama. Ƙara. To, Baba, wancan abin da ke bayanku a kan dutse, mai ƙubbobi, mene ne?"

Suka waiwaya tare. Ga ta can, ta cika rabin sama, rana na wasa a kanta. Wagdi ya manta da waya a hannunsa. Bai taɓa sanin girmanta ya kai haka ba.

Dariyar Nagat ce ta dawo da shi. Ta yi har ta zauna a ƙasa, wayar na kallon rufin ɗaki.

"Rufe baki, 'yar nan, kada uwarki ta ji!"

"Ba za ta ji ba," ta ce, tana share hawaye da gefen mayafi. "In dai an yi yadda na ce. Jibi ina tafe. Asabar Kal'a, ta gaskiya. Lahadi gidan namun daji. Litinin kwalekwale a Nilu. Baba, kai ma ba inda za ka sai an gama."

"Shago fa?" in ji Wagdi.

"Rigunan ba za su gudu ba. Kuma ni zan riƙa tambayar hanya. Mata zan tambaya."

Ta kashe.

Wagdi ya tsaya yana murmushi kamar wawa. Tsohon ya leƙa matakalar, ya ga zurfinta, ya ja da baya.

"Wuce gaba, ɗan birni," ya ce. "In zan faɗo, in faɗo a kanka."