Janaretan da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Tun ranar da aka fara faɗaɗa siton kamfanin, sharaɗi ɗaya Uwar Sito ta kafa wa magina: a rushe duk abin da za a rushe, amma kada a taɓa ɗan ofishin marigayi mahaifinta. A nan ya fara sayar da noti da bel ɗin inji, kafin harka ta kai ga manyan injuna. Haka kuwa aka yi. Sabon gini ya tashi ya rungume tsohon ɗakin, bayansa a cikin sito, fuskarsa na kallon titi.

Fenti bai gama bushewa ba, sai ga motar wata masana'anta ta zo ɗaukar ƙaton janaretan da suka saya. Aikinsu a tsaye yake sai ya isa.

Uwar Sito tana jera kaya a sabbin kantoci ta ji sito ya yi tsit. Da ta leƙo, ta ga ƙaninta, Auta, da abin awo a hannu. Ya auna janareta, ya auna ƙofa, ya sake komawa.

"Auta, wannan kai da komowa fa?"

"Yaya... ba zai fita ba."

Ta karɓe abin awon ta gwada da kanta. Injin ya fi ƙofar faɗi da kusan kamu guda. 

"To ta ina ya shiga?"

 Sai kowa ya ɗaga kai yana kallon rufi.

"Ta sama, ranki ya daɗe," in ji shugaban magina. "Lokacin da yashi da bulo suka cika fili, ke kika ce a zuro shi ciki kafin mu rufe. Ƙofa kuwa da ƙaramar motar ɗaga kaya muka auna ta, yadda kuka saba."

Ta tuna. An lulluɓe shi da tamfol, ya zama teburin magina. Ita kanta ta sha ajiye jakarta a kai.

Direban masana'antar ya leƙo ta taga. "Ko in koma in ɗauko muku masana'antar, a jona a nan?"

Ba wanda ya yi dariya.

"A fasa gefen ƙofar," ta ce.

Shugaban magina ya ce, "Ginshiƙan nan su ke ɗauke da rufin. A taɓa su, ya sauko mana a ka."

"A yaye rufin."

"Ƙarafan a walde suke, ga hadari kullum, ga kaya an riga an shigar." Ya sosa ƙeya. "Wuri ɗaya ne ba ya ɗauke da komai."

Bai nuna ba. Ba sai ya nuna ba.

Ta juya ta kalli ofishin mahaifinta: sai an rushe shi janareta zai samu hanyar fita titi. Duk faɗan da ta yi, ashe da bakinta ta yanke wa ɗakin hukunci.

"Yaya," Auta ya ce a hankali, "in ce wa mutanen masana'antar su haƙura zuwa bayan damina?"

Ta shiga ofishin. Ga kujerar Baba da ta lotsa, ga ƙusar da yake rataye makullai. Daga kujerar nan bai taɓa barin motar mai saye ta koma wayam ba.

Ta fito rungume da kujerar.

"Auta, kama min teburin. Kai kuma, ciro min ƙusar nan kafin ka sa guduma."