Ranar da Sista Ta Ƙi Shan Shayin Majalisa

Kowa a jihar nan Sista yake ce mata, har Kakakin majalisa, don kafin siyasa ta ɗauke ta ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Mijinta kafinta ne. Shi ya ƙera teburin da ta fara hawa ta yi wa mutane jawabi a bakin kasuwa. Ta yi kansila, ta zo majalisar jiha, aka sake zaɓenta. Shi kuwa yana nan da zartonsa, in abokai suka tsokane shi da "mijin Onarabul" sai ya ce ai ko ba komai ya iya zaɓe tun kafin su iya.

Tana shirin neman zagaye na uku ne gwamna ya aiko da ƙudurin rufe ƙananan asibitocin ƙauyuka, wai a haɗe su da babban na birni. Har da wanda ta yi aiki a cikinsa.

To, majalisar nan tana da wata ɗabi'a da ba a rubuta ba. In ƙudurin jam'iyyarka ya tsaya maka a wuya, ba ka cewa a'a. Ana dab da ƙuri'a sai ka sulale ɗakin shan shayi, ka dawo an gama. Ba ka ɓata da gwamna ba, a mazaɓa kuma ka rantse ba da hannunka aka yi ba. Raba ƙafa dai, amma cikin mutunci.

Da safen ranar ƙuri'ar, mai tsawatarwa na jam'iyya a majalisa ya zo har falonsu. Kafinta yana tsakar gida yana jin komai.

"Sista, ba mu ce ki goyi baya ba," in ji shi. "Shayi kawai za ki sha. In kika ja, tikitin takara ya tafi, kin san gwamna ba ya mantuwa."

Da ya fita ta leƙo. "Baban yara, me ka gani?"

Gaskiya tsoro ya ji. Ya san wahalar da ta sha kafin ta hau kujerar nan, kuma ya san wanda jam'iyya ta yar ba ya tashi da wuri. Amma ya taɓa ganinta ta dawo daga ƙauyen nan da jinin haihuwa har gwiwar hannu, tana dariya don uwa da ɗa sun rayu.

"Shayin gidan nan bai ishe ki ba?" ya ce.

Ta yi murmushi, ta ɗauki jakarta.

Ya rufe shago ya bi ta majalisa, ya hau benen 'yan kallo. Yana nan zaune ya ga an fara zamewa. Wannan ya kara waya a kunne alhali ba ta yi ƙara ba, wancan ya dafe ciki. Har 'yan adawa, masu kumfar baki a rediyo, ƙishirwa ta kama su. Ita ko ta gyara zama.

Kakaki ya ce masu goyon baya su miƙe. Aka miƙe rututu, akawu ya ƙirga.

"Waɗanda ba su yarda ba."

Sista ta dafa tebur ta tashi, ita kaɗai a zauren nan. Wani ya yi tsaki, wani ya ce, "An gama da ke." Ba ta ko waiga ba. Ƙuduri ya wuce, kujerarta ta bi shi, ita ma ta san haka.

Kafinta bai san lokacin da ya miƙe ba. Idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ji kunyar kowa ba. Mai gadin benen ya matso ya rage murya.

"Baba, zauna. 'Yan kallo ba sa ƙuri'a."

"Na sani, ɗana," ya ce. "Matata ce waccan a tsaye. In ta zauna, zan zauna."