Gurbin Azara Ɗaya

Ƙanena Nafi'u ya ci amanar gidan ubanmu, kuma ko a gabansa haka zan faɗa. Ya dawo daga Abuja da ra'ayin wai yanzu yayi ne a bar itacen rufi a fili. Ya sa aka ɓamɓare silin ɗin falon ƙasa, azara ta fito tsirara, itacen giginyar da ke ɗauke da benen tun kafin a haife shi. Bai tsaya nan ba, ya sa aka yanke azarar tsakiya aka cire don ya rataya fitila mai ƙyalƙyali. Ɗakina ne a kanta. Ni kaɗai nake zaune a sama tun rasuwar matata Uwani.

Jiya bayan azahar na kishingiɗa, sai na yi wani mafarki.

Ina tsaye a falon. Ƙura tana tashi daga daɓe tana zuba a rufi. Na ɗaga kai, ashe azarar nan mutane ne, a jere rub da ciki, kai a wannan bango, ƙafa a wancan, bene a bayansu. Ga marigayi Baba, ga Inna, ga Kawu Sambo, ga Uwani can gefen taga. Suna ta hira ƙasa-ƙasa. Ban yi mamaki ba, na durƙusa na gaishe su.

"Ɗanlami," in ji Baba, "wa ya yaye mana mayafi? Sanyi muke ji."

"Nafi'u ne, Baba."

"Na sani. So nake in ji muryarka."

Tsakanin Baba da Inna akwai gurbi, ba kowa.

Sai ga wani bunsuru ya shigo, da hular kwano a ka, da tef ɗin awo a wuya. Shi ne injiniya. Ya dubi rufin ya yi tsaki.

"Kafin la'asar ɗan gida ya cike gurbin nan," in ji shi, "in ba haka ba ɗakin sama zai sauko ƙasa ya zauna. Wane ne babba?"

"Ni ne."

Ba na ƙarya ko a mafarki: na so wurin. Shekara shida ke nan da rasuwar Uwani, ina cin tuwo ina kallon bango. Na tuɓe takalmi na kwanta a daɓe. Bunsurun ya auna ni, ya ɗan tauna bakin tef ɗin, ya sake aunawa.

"Malam, ka gaza da taƙi ɗaya."

"Sake dai, ranka ya daɗe. Zan miƙe yatsu."

"Tef ba ya jin roƙo. Tashi."

Na dubi Uwani ko za ta sa baki. Abin da ta ce kawai: "Malam, ka rame. Koma sama ka rufe taga."

Sai ga Nafi'u a kan tsani, riƙe da gwangwanin fenti, yana shafa wa Baba a goshi.

"Yaya, dubi sheƙi! Wallahi baƙi sai sun ɗauki hoto."

"Ubanka ne kake shafa wa fenti, shashasha."

"Ai shi ya sa ya fi kyau. Tsohon itace ne."

Bunsurun ya hau tsanin ya ja wa Nafi'u tef daga ka har dunduniya. Daidai, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Nan take ƙafafun Nafi'u suka saki tsani, ya faɗi sama, ya shige gurbin. Aka rataya masa fitilar a wuya.

"Yaya! Yaya, ka yi magana mana! Nauyi!"

Na buɗe baki, amma Inna ta riga ni. Ta ɗan matsa masa, ta ce, "Sannu da zuwa, auta. Ka ci abinci kuwa?" Hirarsu ta ci gaba, yanzu har da shi. Ni kuma ina ƙasa da takalmi a hannu, babu wanda ya ƙara kallona.

Ƙarar jarkokin mai ruwa a ƙofar gida ce ta tashe ni. Nafi'u kuwa can na baro shi rub da ciki, bene a bayansa, kuma bunsurun ya ce babu ranar sauke shi.