Kifin da Ya Kwanta a Rigar Mai Aski

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Ebisawa Genzo mai aski ya san da abu biyu yake taƙama: bangon shagonsa da 'yarsa Fumika. Bangon cike yake da gyotaku, siffar kifayen da ya kama da hannunsa, kowanne an shafe shi da baƙar tawada an danna masa takarda, ga sunan wanda ya kama, ga na shaida a gefe. 'Yar kuwa ma'aikaciyar jinya ce a Hakodate, kuma ita Kuchiki Noboru yake so ya aura.

Noboru jagoran masu fatsa ne. Aikinsa ya kwaso baƙi daga Tokyo da Osaka ya kai su bakin kogi, ya nuna musu inda buraun ke laɓewa, kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ke sauka teku ya ci ya yi ɓul-ɓul, ya dawo yana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Ba tana ake sa masa ba. Ƙugiya ake yi wa ado da gashin tsuntsu har ta yi kama da ɗan kifi. In an kama a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. To wannan na ƙarshen ne ya tsaya wa Genzo a wuya.

"Ƙato ya wuni a ruwa ya dawo hannu na dukan cinya," haka yake gaya wa masu jiran aski, "wai kuma sana'a ke nan."

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Noboru ya sa kwat ya ɗauki kwalin alewa ya je neman izini. Kafin ya gama sunkuyawa tsohon ya tura shi kujera, ya lafta masa kumfa, ya ɗora masa aska a maƙogwaro. Wa ke neman aure a haka? Sai ya fito da haɓa sumul, maganar na nan a cikinsa.

Fumika ta ce su je ofishin gari a rubuta auren kawai, ai can ba a tambayar baba. Noboru ya ƙi. Tun rasuwar mahaifiyarta tsohon nan ne ya yi mata kitso ya kai ta makaranta, kuma ya san in ta waiwaya ranar biki ba ta gan shi ba, abin zai zauna mata har abada.

Kwatsam ran nan Genzo ya bugo waya da kansa. Yana son jagora ranar Litinin, ranar da ba ya buɗe shago.

Watan Mayu ne, sauran ƙanƙara na kan duwatsu, kogin ya cika yana gudu. Genzo ya iso cikin farar rigarsa ta aski, ta sha guga, ya ce shi bai san wata rigar ba. Wandon roba mai kaiwa ƙirji da aka miƙa masa ma ya ƙi, ya zura tsohon takalminsa mai tsayawa a cinya. A bakin jakar tsohon Noboru ya hango naɗin takarda da kwalbar tawada, ya gane kifin bango ya zo nema.

"Ebisawa-san, kowane baƙo ina gaya masa tun daga mota. Abin da muka kama ruwa zai koma."

"Na ji. A fara kamawa tukuna."

Har rana ta take Genzo bai kama komai ba sai reshen bishiya, da hularsa, da kafaɗar jagoransa. Mutumin da ya saba cilla darma daga kan duwatsun teku, ƙarfi kawai yake sawa, zaren ya yi ƙara a bayansa ya zubo masa a ka.

"A hankali, Baba."

"Wa ya haife ka?"

"Yi haƙuri, Ebisawa-san."

Suka zauna kan gungume cin abinci. Noboru ya kwance dunƙulen shinkafa, tsohon ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi.

"Hannun Fumika ne wannan."

"Ita ce."

"Ni nawa gishiri kawai take barbaɗawa. Kai har da ƙwan kifi." Ya sha kunu, amma sai da ya cinye rabon mutum biyu.

Da suka koma ruwa iska ta kwanta. Noboru ya tsaya a bayansa ya ce ya manta da teku, ya ɗauka aska yake wasawa a jikin fata, gaba da baya, ba gaggawa. Genzo ya yi tsaki, amma ya gwada. Zaren ya miƙe ya sauka lafiya lau daf da waccan gaɓar, inda ruwan ya yi duhu. Ƙugiyar na cikin zagayowa sandar ta lanƙwashe.

"Dutse na kama."

"Dutse ba ya gudu, Ebisawa-san. Ɗaga sandar, ka bar shi ya ja."

Kifin ya yi tsalle, sai da Noboru kansa ya manta numfashi. Ya daɗe a kogin nan bai ga irinsa ba, tsawonsa ya kai hannun mutum, fari fat daga teku. Ya yi ƙasa da su, suka bi shi suna tuntuɓe, tsohon na zagin kifin da iyayensa da wanda ya fara kawo irinsa ƙasar. Da ƙyar aka jawo shi gefe, wurin da baƙin taɓo ya taru. Noboru ya zura koma, kifin ya shiga, ya yi wata irin girgiza ya fice, ya faɗa cikin taɓon yana birgima.

Genzo bai yi shawara da gwiwoyinsa ba. Jefar da sandar ya yi ya faɗa kansa, ya rungume shi a ƙirji, ya zauna daɓas.

"Takarda," ya ce yana haki. "Buɗe jakata. Kawo tawada da ƙulki."

Noboru ya tsaya da koma a hannu. Jakar ga ta can, taku kaɗan. Ya san gurbin da ke bangon shagon, saman madubi, wanda tsohon ya bari ba komai yana jiran irin wannan. Ya kuma san in ya miƙa jakar, yau ɗin nan zai iya kiransa Baba a amsa.

"Ba zan kawo ba, Ebisawa-san."

"Me ka ce?"

"Dubi leɓensa, ga tsohon tabon ƙugiya. Wani ya riƙe shi kamar yadda ka riƙe shi, ya mayar, shi ya sa ka same shi. Na hana manyan baƙi, ban ga yadda zan yarje maka don ina neman abu a hannunka ba."

"Ka san abin da kake jefarwa a ruwa?"

"Na sani. Amma shi ba zai iya jiran mu gama magana ba."

Tsohon ya dube shi, ya dubi kifin da ke buɗe baki a hankali a ƙarƙashin haɓarsa. Ya ja wani dogon tsaki, ya rarrafa da gwiwa har cikin ruwa. Noboru ya durƙusa kusa da shi, ya nuna masa ya juya kan kifin ya fuskanci ruwa, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya. Taɓon ya wanke. Can kifin ya motsa, ya fizge, ya watsa musu ruwa a fuska ya ɓace.

Genzo ya daɗe yana kallon tafinsa. Noboru kuwa ya riga ya fara tunanin yadda zai gaya wa Fumika. Sai tsohon ya miƙe ya juyo, dariya ta kuɓuce wa Noboru, ya toshe baki ta ƙi tsayawa.

"Ni kake wa dariya?"

"Rigarka, Ebisawa-san."

Kifin na nan kwance a farar rigar, taɓo ya zana shi baƙi wuluk, kai a kafaɗar hagu, wutsiya a ƙugun dama. Ga ido, ga layin baki, ga ɓawon jiki ɗaya bayan ɗaya. Genzo ya buɗe hannuwa kamar mai shanya, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kar ka taɓa ni. Kar ka yi numfashi ta nan. Ɓalle min maɓallan, a hankali, kai ɗan nema."

A rigar sanyin Noboru tsohon ya koma gida, tasa na shimfiɗe a kujerar baya, duk ramin da aka shiga sai ya yi faɗa. A shago ya kafe ta a jikin allo, ta bushe, ya feshe ta da maganin kafe gashi har sai da suka yi tari. Ya kira Fumika ya ce ta zo yanzu. Ta shigo a firgice, ta tarar da babanta da singileti yana ba maƙwabta labari, kifin har ya ƙara tsawo.

Sannan ya buɗe tawadar da ba ta yi aiki a kogi ba. A gefen rigar ya rubuta sunan kogin, da ranar, da sunansa. Ya miƙa wa Noboru alƙalamin gashin.

"Ba shaida, ba gyotaku. Kai kaɗai ka gani."

Noboru ya sunkuya ya rubuta sunansa. Genzo ya gyara tabarau ya leƙa.

"Kuchiki kawai? Wanda ya zo aski ya san wane ne Kuchiki? Cewa za su yi hayar shaida na yi." Ya sa yatsa a saman sunan. "Rubuta suruki a nan."

Fumika ta rufe fuska da hannu biyu, ba a san dariya take ko kuka ba. Noboru ya sake tsoma alƙalamin a tawada, daɗi ya cika shi har ba ya ganin rigar sosai.

"To, Baba."

"Ka ɗiga min tawada a wutsiyar nan," in ji Genzo, yana tallafe masa gwiwar hannu, "ka ga yadda ake fasa aure."