Ƙidayar Hanyar Tudu

"Minti biyunka sun ƙare, Orville."

"Shekara arba'in ina zuwa zauren nan, yau za ki auna min magana da agogo?"

Marlene Gauthier, shugabar taron, ta buga ɗan gudumarta a kan tebur. "Dokar da kuka amince da ita da safe ce. Har da kai ka ɗaga hannu."

"Ƙaiƙayi nake sosawa!"

Zaure ya ɗauki dariya. Orville Patch bai yi ba. Ya zauna da ƙyar kusa da matarsa Doreen, yana haki.

Wendell na tsaye jikin bango da fensir da takarda. Shi aka naɗa mai ƙidaya. Gidansa ne na ƙarshe a kan kwalta, daga nan sai hanyar tudu, mil biyu, ba kowa a ƙarshenta sai tsofaffin nan biyu, Orville da Doreen. Ƙudurin kuwa ɗaya ne: motar hukumar gari ta ci gaba da share musu dusar ƙanƙara, ko a bar hanyar.

Aka yi ƙuri'ar baki, aka kasa gane ɓangaren da ya rinjaya.

"To, a miƙe a ƙirga," in ji Marlene. "Masu cewa a ci gaba, ku tashi. Kada wanda ya motsa sai Wendell ya wuce shi."

Ya bi layi-layi. Arba'in da takwas. Arba'in da tara. Doreen na tsaye, hamsin. Orville na zaune, haɓarsa a ƙirji.

"Baba Orville, hanyarka ce fa. Tashi," in ji Wendell.

"Ƙyale shi, barci ne, haka yake yi a coci," wani ya faɗa daga baya.

Wendell ya dafa kafaɗarsa. Tsohon ya sulale gefe.

Kujeru suka kife. 'Yan agajin gari su shida, duk suna cikin waɗanda ke tsaye, suka kwantar da shi a ƙasa suna danna ƙirjinsa. Suka fita da shi. Doreen ta bi su, ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba.

Marlene ta cire tabarau ta mayar.

"Ƙidaya ta katse. Dole a sake daga farko."

"Haba, Marlene," Wendell ya ce. "Mutum takwas sun fita."

"Na gani. Wanda ke cikin zaure shi ke da ƙuri'a. Ba ni na rubuta dokar ba."

"A ɗage mana."

"Kawo shawarar, in ka sami mai mara maka baya."

Ya kawo. Wata ta mara masa baya. Aka kayar da shawarar da ƙuri'ar baki, don masu shanu na son komawa tatsa.

Ya sake bin layukan. Ya ƙirga sau biyu, a hankali, yana kallon ƙofa. Ba wanda ya shigo. Masu cewa a ci gaba hamsin da ɗaya, masu cewa a bari hamsin da huɗu. Da bakinsa ya faɗa.

Washegari da hantsi ya hau tudun da ƙafa, riƙe da rigar Doreen. Dusar ƙanƙarar da ta zuba da asuba ta kai masa ƙwauri. Ya same ta a kicin, ta ajiye kofi biyu a tebur, ta mayar da ɗaya cikin kabad.

"Ya cika tun kafin mu kai asibiti," ta ce.

Ya rataye rigar a bayan ƙofa. Ya tsaya nan, takalmansa na ɗigar da ruwa a kan daɓe.

Ta juya wajen taga, tana duban hanyar.

"Wendell, yau ba su zo da wuri ba. Ƙarfe nawa suka ce motar za ta hawo?"