Maganin Baban Auta

"Akwai mai ciki a gidanku?"

Nas ta yi dariya ta miƙa katin ta tagar ɗakin magani. "'Yar nan, dube ni da kyau. Ni da tsohona ne kawai a gidan."

Ba ma'aikaciyar jinya ba ce, ko ƙofar makarantar ba ta taɓa gani ba. Maƙwabta ne suka laƙaba mata sunan, don duk wanda kansa ya sara ko cikin ɗansa ya ɓaci, gidanta yake fara zuwa. Tana da kwali guda na ragowar magunguna, kuma hannunta a sake yake. Ita dai ba ta iya ganin mutum yana murƙususu ta zauna.

Yau ne karo na farko da ta zo karɓar maganin mijinta ita kaɗai. Tunda aka gano kansar ɓargo a jikinsa, shi yake shiga wurin likita, ita ta jira a benci. Yau ƙafafunsa sun ƙi, ya ce ta je.

Mai ba da maganin ba ta yi dariya ba. Matashiya ce mai tabarau, kuma ba ta saki kwalin ba.

"Mama, an taɓa yi miki bayanin wannan maganin?"

"Na san shi sarai. Shi ne mai sa shi barci kamar an yi masa duka."

"Shigo ta ƙofar gefe."

Mutanen layi suka fara gunaguni. Nas ta shiga tana gyara mayafi, aka ba ta kujera tsakanin katan-katan.

"Sunansa talidomaid," in ji matashiyar. "Da can, kafin a haifi uwata ma, maganin barci ne. Ana sayar da shi a ƙasashe da yawa, har ana ba masu ciki don tashin zuciya. Yana aiki kuwa. Sai aka fara haifar jarirai ba hannu, ba ƙafa. Wani yatsu ne kawai a kafaɗa. Wani ba kunne. Dubbai, Mama. Kafin a gane maganin ne, an yi ɓarna. Aka hana shi. Daga baya aka ga yana taimakon masu kuturta da masu irin ciwon Baba, shi ya sa ya dawo, amma da sharaɗi."

Ta juya kwalin ta nuna mata hoton mace mai ciki an ja masa jan layi.

Nas ba ta taɓa lura da hoton ba. Yatsun mijinta sun daɗe da yin dindiris, ba ya iya ɓallo ƙwaya daga leda. Saboda haka duk wata, yana kawo maganin take zazzage ƙwayoyin cikin wata tsohuwar kwalbar man shafawa mai faɗin baki, kwalin kuma ta hura gawayi da shi.

"Ko ƙwaya ɗaya, in ta faɗa a farkon ciki, tana iya isa," in ji matashiyar. "Kar kowa ya sha sai shi."

Nan take Nas ta tuna da Auta.

Wata uku da suka wuce, lokacin da jikin tsohon ya yi tsanani, Auta ta zo ta taya ta jinya. Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, shekara da shekaru da aure ba haihuwa, ciki biyu sun zube. A zuwan nan yarinyar ba ta barci, ba ta cin abinci, ƙamshin miya ma sai ta toshe hanci. Nas ta ɗauka damuwar uban ce. Ta buɗe kwalbar ta ce, "Ungo na Babanki, ki samu ki runtsa." Auta ta yi barci har da minshari, amai ya tsaya. Nas ta ji daɗin kanta ƙwarai, ta ci gaba da ba ta har yarinyar ta koma gidanta.

Sai makon jiya Auta ta faɗa mata, tana rufe fuska, cewa cikin ya shiga wata na biyar. Ta ɓoye ne don ta gaji da a yi murna a dawo a yi jaje.

"Mama? Lafiya?"

"Lafiya lau." Nas ta gyara zama. "Na ce... da a ce wata maƙwabciya ta sha, ba ta san tana da shi ba. Akwai abin da ake ba ta ya wanke?"

Matashiyar ta cire tabarau ta dube ta. Ba ta tambayi sunan maƙwabciyar ba.

"Babu. Abin da ya faru ya riga ya faru. Ya danganta da kwanakin da ta sha, akwai waɗanda Allah ya tsare. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, abin tsoro ne. A kawo ta a yi hoton ciki, a gaya wa likita gaskiyar abin da ta sha. Yau, in da hali."

A cikin bas Nas ta rungume jakarta kamar za a ƙwace. Wata mata ta shigo da goyo, ta sauke jaririn a cinya, ya kama gefen mayafin Nas ya damƙe. Da wata rana ce da ta yi masa wasa. Yau yatsun kawai take kallo, ƙanana, kowanne da farcensa. Ta kau da kai wajen taga har ta wuce inda za ta sauka.

Ta tarar da tsohon a kishingiɗe a falo, rediyo a kan ƙirji. Direban babbar mota ne a da, mutum mai faɗin kafaɗa, yanzu riga ta yi masa yawa.

"Nas ta dawo," ya ce. "An ba ki aikin ko sai an duba takardunki?"

Ta ajiye kwalin a gabansa, ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Baban Auta, likita ya gaya maka wannan?"

Ya leƙa, ya rage rediyon. "Ya faɗa. Tun ranar farko."

"Shi ne ba ka gaya min ba?"

"To me zan ce miki? Maganar ciki ce da... da sha'anin kwanciya. Yaron nan sa'an ɗana ya zaunar da ni yana min wannan bayani, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ga ke kin wuce wurin. Mu biyu ne a gidan." Ya dube ta da kyau. "Me ya faru?"

Ta buɗe baki. Ga shi nan, ƙashi da fata, mutumin da tun makon jiya yake cewa shi dai Allah ya ara masa kwana ya ɗauki ɗan Auta. Ta so ta yi masa ihu, ta so ta ce shi ya jawo. Amma hannun da ya buɗe kwalbar nata ne.

"Ba komai. Zan leƙa Auta."

"Ki ce mata ta daina hawa babur."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar man shafawar daga kan taga, ta jefa a ƙasan akwati ta kulle, ta zura makullin a jaka. Kwalin magungunan maƙwabta kuwa ta tsaya tana kallonsa, sannan ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa.

Duk hanya tana shawara da zuciyarta. In ta yi shiru, wa zai sani? Ana haifar yara da nakasa ba wanda ya sha komai, a ce ƙaddara ce a rungumi abin da Allah ya bayar. Auta za ta ci gaba da kiran ta Umma da bakin nan mai daɗi. In kuwa ta faɗa, ko da yaron ya zo lafiya, ta san akwai kallon da 'yarta ba za ta ƙara yi mata ba. Tsoro ne ya cika ta, tsoro da kunya, har ta hau matakalar benen da Auta take zaune.

Auta ta buɗe ƙofa da kwano a hannu, ta yi ƙiba, fuskarta tana sheƙi.

"Umma! Ba ko waya? Shigo, yanzu nake cewa da kina nan."

Ɗakin a share tas. A kan kujera akwai leda a buɗe, kayan jarirai sun leƙo. Auta ta bi idon uwar ta yi dariyar kunya.

"Maigidan ne ya sayo, na ce ya yi gaggawa. Dubi wannan don Allah." Ta zaro safa, 'yar mitsitsiya, fara, ta sa a babban yatsanta tana rausaya shi. "Wai ƙafar mutum ce za ta shiga nan."

Nas ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"An yi miki hoto?"

"Tun da fari, lokacin bai fi ƙwayar wake ba. Na gaba sai ƙarshen wata. Ya jikin Baba? Wallahi maganin nan nasa ya taimake ni, Umma. Da ba ki ba ni ba, da aman nan ya kashe ni." Ta tsaya cak, ta dafe ciki. "Yauwa, ga shi. Kawo hannunki, maza."

Ta kamo hannun uwar ta manna a gefen cikinta. Shiru. Sai wani ɗan zillo, a hankali, kamar an taɓa ƙofa daga ciki. Ya sake.

"Kin ji? Tun shekaranjiya yake yi." Idon Auta ya kawo ruwa, tana dariya. "To Nas, ke da kika san komai, wannan hannu ne ko ƙafa?"

Nas ba ta ɗauke hannunta ba. Ta ƙara dannawa kaɗan, tana lalube, kamar tafin hannu zai iya gaya mata. Abin ya sake motsawa ya lafa.

"Ban sani ba," ta ce.

Auta ta dube ta. Tunda take, ba ta taɓa jin wannan kalmar a bakin uwarta ba.

"Umma?"

"Ajiye safar nan, ki ɗauko mayafinki da katin asibiti. Amma zauna tukuna. Akwai abin da na ba ki."