Farin Ɓawo a Butar Shayi

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don wadda abin ya faru da ita ba ta son a riƙa ambatonta a gari. Da bakinta ta ce in rubuta, shi ya sa na rubuta.

A shekarar da aka kafa famfo a Jibiya, kusa da shingen da ake tsayar da motocin Maraɗi, Salmatu ba ta daɗe da tarewa a gidan Bawa ba. 'Yar Daddara ce, ta tashi da ruwan da ake tonowa a yashin gulbi. Famfon ya hutar da mata doguwar tafiya, kowa ya koma can, ko da yake ana ƙorafin sabulu ba ya kumfa da ruwansa, wake kuma sai ya cinye itace kafin ya nuna.

Bawa bafatake ne, ya fi zama a hanya. A gida sai mahaifinsa, Malam Kalilu, da ƙanwar tsohon, Goggo Hajo. Tsohon ya koyi shan shayi wajen Buzaye, Bawa kuwa ya sayo masa butar shayi ta farin ƙarfe daga Maraɗi, irin wadda babu kamarta a unguwar. Dafa shayin nan safe da la'asar aikin Salmatu ne, ba mai taɓa butar sai ita.

Ana nan sai butar ta canza hali. Takan daɗe a kan gawayi kafin ta tafasa, tana ƙara kamar ana soya tsakuwa a cikinta, ruwan da ke fita ta bakinta ya zama siriri. Wata rana Salmatu ta leƙa ciki da hasken rana, ta ga gindin ya yi wani farin ɓawo mai kaushi. Ta goga toka, bai fita ba. Sai da ta sa cokali ya ɓanɓaro, ta murza shi a yatsa ya zama gari.

A kwanakin ne kuma Malam Kalilu ya kwanta da ciwon mara. Ya rame, ya daina fita zaure, amma bai daina neman shayinsa ba. Duk sanda Salmatu ta durƙusa ta miƙa masa finjali, ɓawon nan ne a ranta. Ta san ba ta zuba komai ba. To wa ya zuba? Mutum ne ke shigowa in ta tafi ɗebo ruwa, ko kuwa abin da ido ba ya gani? Sau da yawa takan nufi ɗakin Goggo da butar, in ta isa bakin ƙofa sai ta gaishe ta kawai ta juyo. Sai ta koma kankare butar a ɓoye a bayan rumbu, tana binne garin a ƙasa. In an kwana biyu ɓawon ya dawo.

A can Goggo Hajo ta same ta wata rana da hantsi, buta a cinya, tafin hannunta cike da farin gari.

"Ke 'yar Daddara, wanga mi ne ne?"

Salmatu ta yunƙura za ta ɓoye hannun. Goggo ta riƙe mata wuyan hannu don kada ta zubar, ta jawo ta tsakar gida tana salati. Kafin a jima matan maƙwabta sun cika gidan. Wata ta ce dama ta lura yarinyar ba ta haɗa ido da mutane. Wata ta ce ai shiru-shirun nan shi ne abin tsoro. Goggo ta ce ita ba za ta yanke wa kowa hukunci da ka ba. A kwaɓa garin da dusa a ba kaza. In kazar ta kwana lafiya, shi ke nan. In ta mutu, a aika Daddara iyayenta su zo su ji abin da 'yarsu ke ba surukinta.

Aka kamo wata jar kaza, ba ta ko yi gudu ba. Salmatu ta gane ta. Ciwon kaji ya shigo unguwar a makon, ana wayar gari ana zubar da su a juji, kuma ita da kanta ta ga jar kazar nan da safe tana gyangyaɗi, fukafukai a sake. Ko hatsi mai tsabta aka ba ta, da wuya ta kai gobe. Ta ga yadda za a shiga da labarin gidansu, ta ga fuskar mahaifiyarta, ta ga sunan da zai bi ƙannenta mata har ɗakunan aurensu.

Ba ta san mene ne a hannunta ba. Mai yiwuwa dafi ne da gaske, wani ya zuba. Ta fizge hannun, ta yi bismilla, ta watsa garin duka a baki.

Kamar ta tauna farar ƙasa, da ɗan ɗaci-ɗaci. Ya maƙale mata a maƙogwaro, ta haɗiye da ƙyar. 

Daga cikin ɗaki muryar tsohon ta fito a hankali. "Hajo, ku saki kazar nan. Ɗiyata, taho ki zamna inda nike ganinki."

Ta zauna a bakin ƙofarsa, kai a sunkuye, tana jiran abin da zai fara. In cikinta ya yi ƙugi sai ta ce shi ne. Yatsunta suka yi sanyi, ta ce ta nan yake farawa. Ta karanta duk abin da ta iya, ta sake daga farko. Goggo Hajo kuwa, wadda ta tara mutane, ita ta fi kowa rikicewa. Ta kawo ƙwaryar nono ta ce ta shanye, ta dawo da man shanu, tana faɗa tana cewa wa ya aike ta, in ta mutu a gidan nan me za a gaya wa Bawa.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, matan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira magariba ba abin da ke damun Salmatu sai nonon da ya cika mata ciki. Tsohon ya ce a dafa masa shayi, kuma Salmatu ce za ta dafa. Goggo ce ta hura gawayin.

Da gari ya waye Salmatu ta tarar da jar kazar a ƙarƙashin rumbu, ta sandare, ko dusar ba ta ci ba. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗauki tulu ta fita. A bakin famfo, tana jiran wadda ke gabanta ta cika, idonta ya faɗa kan bakin ƙarfen da ruwa ke zubowa. Wani farin abu ya daskare a kewayensa, har kan simintin da ruwan ke ɗiga. Ta sa farce ta ɓantaro, ta ɗora a harshe. Farar ƙasa, da ɗan ɗaci-ɗaci.

Ta ɓantari wani babba, ta ƙulle shi a bakin zane don Goggo. Sannan ta ɗauki tulunta ba ruwa, ta gangara gulbi.